Injin da Kyaftin Ya Kashe

Jama'a, na ga saƙonninku. "Ina labarin Ɗan Kyaftin?" "An sa rana?" "Wace kala za mu saka?" Wata har hoton takalmi ta turo min. To ku ajiye takalman tukuna ku saurare ni, don makon nan ban san wanda zan fara jin haushi ba, tsakanin shi, da Umma, da Gwaggo, da ni kaina da na kasa zama da bakina da hannuna wuri ɗaya.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a ɗakin karatu na wata kwaleji, sashen da ake ba littattafai lamba a jera su. In na tashi kuma ina rubutu a kundin sanin nan na intanet, wanda kowa zai iya shiga ya rubuta maƙala ko ya gyara ta wani. Sunana a can Jan Biro. Ina cikin mutum huɗu da ke bitar maƙala kafin a manna mata tauraro, alamar cewa ta inganta, ana iya dogara da ita. Umma tana cewa ina gyara wa duniya rubutu alhali ɗakina kamar an yi dambe a ciki.

Shi kuwa Ɗan Kyaftin kantin magani gare shi a titin asibiti. Dogo ne, mai gilashi, mai sanyin magana, irin mutanen da za su bi ka har bakin ƙofa su sake tuna maka cewa bayan cin abinci ake shan ƙwayar. Kowa da wannan sunan yake kiransa, saboda babansa matuƙin jirgin sama ne, ya rasu a hatsarin jirgi shekara ashirin da uku da suka wuce, lokacin shi yana ɗan shekara bakwai. Watanmu takwas tare. Ba wanda ya tura min shi, ni na gani na ce ina so, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina sonsa. Ranar Asabar manyansa za su zo wurin Abba.

Ranar Litinin ina cikin manna lamba a bayan littattafai saƙonsa ya shigo.

"Jan Biro, na yi miki kyauta. Duba jerin maƙalolin da ke jiran bita."

Na duba. Maƙala ce a kan hatsarin jirgin babansa. Ashe wata biyu ya yi yana rubuta ta a ɓoye, tsakanin mai sayen maganin tari da mai sayen na ciwon kai.

"Yallaɓai, wannan ai aiki ne ka ba ni, ba kyauta ba."

"Ina so tauraron ya hau kafin Asabar. In nuna wa Mami, in ce surukarta ce ta sa hannu."

Ya haɗa da hoton fuska mai murmushi har guda uku. Mutumin da ko a ranar da ya ce yana sona bai turo min ɗaya ba.

A ƙa'idarmu ba ka bitar aikin wanda ka sani. Nan take na rubuta wa Mai Gadi, shi ne babba a cikin masu kula da kundin. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma ko aya ya saka sai ka ji kamar ya ɗaga maka gira. Na ce masa marubucin nan nema na yake yi, a ba wani.

Ya amsa: "Wa? Ɗaya tana jego, ɗaya yana jarrabawa, ɗaya ya yi fushi tun bara. Ki duba. Ni zan sa hannu na ƙarshe."

Haka na zauna da ita. Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya kawo irin jirgin, shekarunsa, yawan mutanen da ke ciki, casa'in da shida, ba wanda ya fita. Ya kawo lokacin tashi da ruwan saman da ake yi a ranar. Ya rubuta yadda Kyaftin ya karkatar da jirgin daga kan wata unguwa mai cike da gidaje ya faɗa da shi cikin gona. Sai sashen musabbabi, layi biyu kacal: inji ya kama da wuta saboda sakacin makanikin da ya duba jirgin da safe. Ya sa sunan mutumin cikakke, har da na mahaifinsa.

Na gangara ƙasa in ga madogara, wato inda ya samo bayanin. Jaridu uku, duk na makon da abin ya faru.

Na kira shi. "Ina rahoton masu bincike? Duk hatsarin jirgi ana fitar da rahoto daga baya. Shi ne uwar madogara, jaridar washegari ai jita-jita ce da hoto."

"Ba a taɓa fitarwa ba. Na tambayi Mami. Jaridun ma daga akwatinta na ɗauko."

"Ka tabbata?"

"Jan Biro, babana ne fa."

Da mai hankali ce sai ta ce to, ta gyara waƙafi biyu, ta manna tauraro, ta je ta gwada ɗinkinta na Asabar. Ni kuwa ranar Talata da lokacin hutun rana sai ga ni a ɗakin ƙasa na wurin aikinmu, inda ake jibge takardun hukuma da ba mai tambayarsu. Fitila ɗaya ce ke aiki. Ƙura ta ɓata min baƙar doguwar rigata har gwiwa, na yi atishawa ta fi ashirin. A kwali na huɗu na same shi, bango shuɗi, shafi ɗari da goma sha biyu, katin aro na ciki fari fat, ba wanda ya taɓa ɗauka.

A tsaye na karanta. Injin hagu ne ya kama da wuta bayan tashi, saboda wani ƙarfe a cikinsa da ya tsage tun daga masana'anta. Rahoton ya faɗa ƙarara cewa babu yadda makaniki zai iya ganin tsagar da irin dubawar da ake yi a filin jirgi. Jirgin zai iya komawa ya sauka da inji ɗaya, an ƙera shi don haka. A shafi na saba'in da huɗu aka ce, cikin ruɗewa da hayaƙi, Kyaftin ya kashe injin dama, mai lafiyar. Na'urar naɗar murya ta ɗauki mataimakinsa yana tambayarsa wanne ya kashe. Kafin su gane, ƙasa ta matso.

A shafi na tamanin kuma aka tabbatar da ɗaya maganar. Ya karkatar da jirgin daga kan gidaje, da gangan, a daƙiƙa ashirin na ƙarshe.

Na zauna a kan kwalin. Wallahi kuka na so in yi, amma haushi ya riga shi zuwa. Me ya kai ni ɗakin ƙasa? Wa ya aike ni?

Ranar Laraba na dawo gida na tarar an fitar da kujerun falo tsakar gida ana kakkaɓewa, an sauke labule, Umma ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali tana ba da umarni. Gwaggo, yayar Abba, ta iso da jakarta, ta ce sai bayan Asabar za ta koma. Gwaggo tsohuwar sakatariya ce, shekara talatin tana buga takardu a ofis, kuma ba ta bari kowa ya manta. Na buɗe kwamfutata a kan teburin cin abinci, na buɗe maƙalar, na zuba mata ido na kasa taɓa komai. Umma ta ƙwala min kira in zo in riƙe mata tsani. Daga tsani aka ce in goge fanka, daga fanka aka ce in yi wanka don na yi kama da mai aikin gini.

Ina fitowa wanka wayata ta yi ƙara. Mai Gadi ne.

"Jan Biro, lafiyarki kuwa?"

Ya turo hoton shafin. Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Duk inda aka ambaci Kyaftin an ƙara "Allah ya jiƙansa da rahama". Ma'aikatan jirgin su shida, kowa an bi shi da tasa addu'ar. "Matuƙin jirgin" ya koma "gwarzon matuƙi, mutumin kirki, mai zumunci". A ƙarshen maƙalar an buɗe sabon sashe: "Ya bar ɗa ɗaya, mai kantin magani, yaro natsattse, surukinmu in Allah ya yarda." Duk da sunana, Jan Biro, aka wallafa.

Da tawul a kaina na fito. Gwaggo na zaune gaban kwamfutar, gilashi a kan hanci, tana kaɗa ƙafa.

"Gwaggo! Me kika yi?"

"Taimakonki na yi. Kin bar abu a buɗe kin tafi. Ku yaran yanzu ku ambaci mamaci ba addu'a, kamar kuna lissafa kayan shago."

"Ba a sa addu'a a kundin, Gwaggo. Kowa da kowa ke karantawa."

"To kowa da kowa ba ya mutuwa ne?"

"Kin rubuta surukinmu! Duniya ta gani!"

"Ƙarya na yi? Kuma ki duba, ko kuskure ɗaya babu. Ban ma kalli madannan ba."

Na ja kwamfutar na mayar da shafin yadda yake, na ba Mai Gadi haƙuri. Ya amsa da kalma biyu: "Rufe kwamfutarki." Shekara huɗu ina gina mutuncina a wurin nan, Gwaggo ta rusa shi kafin in gama cuɗa bayana.

Cikin wannan haushin ne bakina ya kuɓuce. Na ce ai addu'ar ma ba ita ce matsalar maƙalar ba. Umma ta sauko daga tsani. Ba a ɓoye wa Umma magana in an fara ta, sai da ta tatse ni tas, har lambar shafi.

Ta zauna a hannun kujera. Sannan ta ce, "Auta, wa ya sani bayan ke?"

"Ba kowa."

"To ki mayar da takardar nan inda kika ɗauko ta."

"Umma, an ɗora wa wani mutum laifin ran mutum casa'in da shida."

"Ke kika ɗora masa? Shekara ashirin da uku abin nan na kwance, sai a makon da za a zo neman aurenki zai tashi? Ki bari Asabar ta wuce."

"In ta wuce fa?"

"Ki bari a ɗaura."

"In an ɗaura fa?"

"Sai ki bari ki haihu," in ji Gwaggo. "Mace mai goyo ba a korarta a kan takarda."

Umma ta harare ta, ta juyo kaina, muryarta ta yi ƙasa. "Yaron nan ba shi da komai na ubansa sai labarin nan. Da shi ya girma. Har sunansa ya ɓace, kowa Ɗan Kyaftin. Ke ce za ki karɓe masa? Ki yi tunani, Auta. Ba kullum ake samun mai haƙurin da zai zauna da bakin nan naki ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ta yi ƙarya ba.

Na yanke shawara ni zan gaya masa, baki da baki. Ranar Alhamis na saka doguwar rigata ruwan toka da ya taɓa cewa tana min kyau, na yafa farin mayafi, na sa rahoton a jaka, na tafi kantin bayan la'asar. Ya ba ni kujerar da ke bayan kanta, kusa da firjin allurai, ya buɗe min lemo mai sanyi. Duk hanya ina maimaita yadda zan fara. Na buɗe baki ke nan wata mata ta shigo da takardar likita. Ta fita, wani tsoho ya shigo a auna masa jini. Sai da na ƙirga mutum bakwai.

Da kantin ya lafa ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai siffar fuka-fuki, irin wanda matuƙa ke maƙalawa a ƙirji.

"Na babana ne, na wurin aiki na biyu, wanda ya bari a gida ranar. Zan saka a aljihu ran Asabar. Ko ba ya nan, ya zo."

Na kurɓi lemo.

"Kin san abin da ya fi min wuya a rubutun nan? Sunan makanikin. Sau uku ina gogewa ina sake rubutawa. Tun ina firamare na haddace sunan nan. In na ga mai kayan aiki da baƙin mai a hannu sai in ce ko shi ne. Ban taɓa tsanar kowa ba a duniya sai shi." Ya cire gilashi ya goge da gefen riga. "Amma da na rubuta sai na ji sauƙi. Yanzu kowa zai sani. To, malama, me kika samu? Na ci jarrabawa?"

Jakar na kan cinyata. Ina jin kaurin rahoton ta cikin fata.

"Waƙafi ya yi yawa," na ce.

Ya yi dariya har da dafa kanta. "Shi ke nan?"

"Da sauran 'yan abubuwa. Zan gaya maka."

Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, ni ce na tashi na gyara mayafi na fita, har ina ɗaga masa hannu. A cikin motar haya na yi ta zagin kaina har mai kusa da ni ta matsa.

Ranar Juma'a da rana na dawo da wuri saboda Umma ta ce a zo a rataya sabon labule. Na shiga ɗaki, na ture kayan da ke kan gado, na buɗe kwamfuta. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa, inda masu karatu ke barin magana. Na ga an bar sabuwa, daga wata da ba ta da ko sunan shiga.

"Sallama. Wanda kuka sa sunansa a nan mahaifina ne. Yana raye, shekararsa saba'in da ɗaya. Hukuma ta wanke shi tun da daɗewa amma ba wanda ya buga a jarida. Bai sake samun aiki a filin jirgi ba, gyaran janareto ya koma. Jiya ɗana ya nemi sunan kakansa a waya don aikin makaranta, wannan shafin ne ya fara fitowa. Don Allah ku ji tsoron Allah."

Na karanta sau uku. Nan take na cire sunan. Ban kai ga sauke numfashi ba Mai Gadi ya shigo.

"Cire suna bai isa ba. Makaniki ɗaya ne ya duba jirgin, duk wanda ya san shi ya san shi. Akwai rahoto ko babu?"

Ina iya cewa ban sani ba. Na rubuta, "Akwai. Yana hannuna."

"To ki rubuta abin da ya ce kafin magariba. In ba za ki iya ba ki turo min lambar shafi in rubuta da kaina."

Na san rubutun Mai Gadi. Zai sa layi ɗaya, matuƙi ya kashe injin da ba shi ne ya lalace ba, aya. Ba zai waiwayi shafi na tamanin ba, zai ce wannan ba musabbabi ba ne.

Na kira Ɗan Kyaftin, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, haka. Ranar Juma'a ce ake kawo masa kaya, yana can yana duba kwalaye, wayar na cikin aljihun tebur. Na tura saƙo: "Ka kira ni yanzu, don Allah, magana ce mai muhimmanci." Bai buɗe ba. Na jira minti arba'in ina kallon agogo, Umma na ƙwala min kira daga falo a kan ƙugiyar labule.

Sai na rubuta. Ban taɓa wahala a kan layi biyar irin ta ranar ba. Na sa tsagar ƙarfen, na sa cewa binciken ya wanke makanikin. Na sa injin da aka kashe, da hayaƙin, da ƙarancin lokacin. Na sa gidajen da ya kauce wa, da yawan mutanen da rahoton ya ce suna unguwar a lokacin. Kowane layi da lambar shafinsa. Na ce a raina in ya kira zan gaya masa kafin ya gani, ai ba ya shiga kundin sai ya rufe kanti. Na danna wallafa, na rufe kwamfutar, na fita riƙe labule.

Ina kan kujera hannuna sama aka yi sallama. Mami ce, mahaifiyarsa. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba sanarwa ba. Ƙaramar mace ce, kullum tsaf, ranar ma mayafinta ruwan ƙasa an goge shi har yana ɗaukar ido, amma takalman ƙafarta na zaman gida ne. Na kalli Umma, Umma ta kalli labule. Nan na gane. Ashe tun safe Umma ta kira ta, wai ta ba ta haƙuri tun kafin in yi ɓarna.

Na sauko na durƙusa na gaishe ta. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ko ruwan da Gwaggo ta kawo ba ta kalla ba.

"'Yata, an ce kin samo shuɗin littafin."

Ban ce mata shuɗi ba ne. Ban ce wa Umma ma ba.

"Har gida aka kawo min nawa," ta ce, "wata goma sha ɗaya bayan rasuwar. Mutum biyu, da hularsu a hannu. Na karanta sau ɗaya na sa a ƙasan akwati. Yaro yana shekara takwas, kullum da jirgin takarda a hannu, yana gaya wa 'yan ajinsu babansa ya ceci unguwa guda. In ce masa me? Na ce sai ya gama firamare. Na ce sai ya gama sakandare. Da ya zo min da maganar rubutun nan na ba shi jaridun, na zauna a kan akwatin."

"Mami, makanikin fa? Yana raye."

Ta runtse ido. "Na sani. Ba ranar da ba na tuna shi. Ban zo in ce ki ɓoye ba, na gaji da ɓoyon ni ma. Abu ɗaya na zo roƙo. Ki bari ya ji daga bakina. Yau in ya rufe kanti zan zaunar da shi, in ɗauko littafin in ba shi da hannuna. Gobe ki rubuta duk abin da za ki rubuta. In ya gani a waya kafin in faɗa masa, ba zai sake yarda da ni ba, kuma ni kaɗai gare shi."

Umma ta saki ajiyar zuciya, har ta fara cewa, "Ai shi ke nan, Auta mai jin magana ce."

"Mami," na ce, "na riga na wallafa."

"Yaushe?"

"Minti ashirin ke nan."

"To goge mana!" in ji Gwaggo. "Nawa ai cikin ƙiftawar ido kika goge shi!"

"Ko na goge yana nan a tarihin shafin. Kuma shi ya ƙirƙiri maƙalar. Duk wanda ya taɓa ta, saƙo na zuwa wayarsa."

Sai a lokacin abin ya faɗo min, ina faɗa ina jin kaina. Na ɗauko wayata da sauri. Saƙon da na tura masa ɗazu ya nuna an buɗe. Bai kira ba.

Wata waya ta fara ƙara, ba tawa ba. Mami ta buɗe jakarta a hankali, ta duba, ta ɗaga ta kai kunne. Falon shiru, duk muna jin muryarsa, a kwance kamar kullum, kamar yana karanta takardar likita.

"Mami, akwai rahoto?"

"Akwai."

"Kin karanta?"

"Na karanta. Ka bari in zo in..."

Ya kashe. Mami ta bi wayar da kallo, ta ɗora ta a cinya, ta rufe ta da tafin hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, ni kuwa da ta yi da ya fi min sauƙi.

Tawa ta yi ƙara. Saƙo ne, layi ɗaya, ba Jan Biro, ba komai.

"Tun yaushe kika sani?"

Umma ta leƙo ta kafaɗata ta karanta. Ta damƙe min hannu. "Ki ce yau. Auta, ki ce yau kika gani. Wa zai ƙaryata ki?"

"Ki ce ɗazu-ɗazun nan," in ji Gwaggo. "Kawo in buga miki."

Na kalli Mami. Ba ta ce in faɗa ba, ba ta ce kada in faɗa ba. Jiya-jiyan nan na zauna a kantinsa, rahoton a kan cinyata, na sha lemonsa. In na ce yau, wataƙila gobe su zo. Na zare hannuna daga na Umma na rubuta, "Tun Talata." Na tura.

Ya buɗe nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta ɓace. Muka zuba wa wayar ido mu huɗu.

A waje aka yi hon, na ji ana sauke kujerun roba daga mota. Abba ya ɗaga sabon labulen ya leƙo, fuskarsa fal fara'a, bai ma lura da baƙuwa ba.

"Auta, tambayi yaron nan mana. Mutum nawa ne za su zo gobe?"